Ladan Alƙalami: Yadda Marubuciya Za Ta Yi Ciniki A Kan Aikinta

Darasinmu na wannan fitowa na masu cin abinci da alƙalami ne, wato matan da ke rubutu ba a ƙarƙashin albashin kowa ba. A cikinsu akwai mai rubuta wa jarida ko mujalla maƙala a biya ta a kan kowace ɗaya, da mai fassara wa ƙungiyoyi takardun wayar da kai daga Turanci zuwa Hausa, da mai rubuta wasan kwaikwayo na rediyo ko labarin fim, da mai gyara wa wasu rubutunsu, da kuma marubuciyar littafi da ke sayar da labarinta. Sana'a ce da ta dace da mace ƙwarai, domin tana iya yin ta daga cikin ɗakinta, ba tare da ta bar tarbiyyar 'ya'yanta ba. Sai dai kuma sana'a ce da ake yawan cin guminta a banza.

Abin mamaki shi ne, macen da za ta tsaya a gaban mai tumatir ta yi minti goma tana jan ciniki a kan naira ɗari, ita ce in edita ya tambaye ta nawa za a ba ta a kan aikin da ta kwana uku tana yi, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Haba Malam, ko nawa ne ai babu komai." Shi kuwa da ma abin da yake jira ke nan. Ba lallai ne mugu ba ne, kasafi aka ba shi aka ce ya tattala, duk abin da ya rage a hannunsa yabo ne gare shi wurin na sama da shi. In ya tura mata abin da bai taka kara ya karya ba, sai ta koma tana ƙorafi a wurin ƙawaye, alhali da bakinta ta ce ko nawa ne.

Shari'a ba ta san "ko nawa ne" ba

Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar wannan a matsayin kunya, kunya kuwa ado ce ga mace. To amma mu duba abin da malamai suka karantar da mu. Ɗaukar mutum aiki a kan lada shi ake kira ijara a fiƙihu, kuma duk wadda ta karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a Islamiyya za ta tuna cewa an gindaya mata sharuɗɗa: a san lokacin aikin, a kuma ambaci ladan. Malaman Malikiyya suna kallon ijara kamar ciniki ne, abin da ake saye a cikinta shi ne amfanin aikin mutum. Yadda bai inganta a sayar da kaya ba a san farashinsa ba, haka bai kamata a ƙulla aiki ba a san ladansa ba, domin jahiltar lada ita ce ƙofar rigima. Bahaushe ma yana da sunan wannan, cinikin biri a sama.

A cikin Suratul Ƙasas, mace ce ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, ta kuma faɗi dalilinta, ƙarfi da amana. Da aka zo ƙulla maganar kuwa ba a bar ta a dunƙule ba, an yanke shekara takwas, in ya cika goma ganin damarsa ne. Malaman tarihi kuma sun kawo cewa Nana Khadija (RA), lokacin da ta nemi Manzon Allah (SAW) ya tafi mata fatauci Sham, ta yi masa tayin ninkin abin da take ba sauran mutane, saboda abin da ta ji na gaskiyarsa da riƙon amanarsa. Kin ga ke nan maganar lada a fili ba baƙuwa ba ce a gidan Annabta, haka nan bambanta ladan ƙwararre da na wanda bai kai shi ba.

Akwai kuma masu ganin cewa tun da rubutu ilimi ne, karɓar kuɗi a kansa yana rage lada. Mazhabarmu ta halatta wa malami karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani kansa, kuma shekaru aru-aru alarammomin Barno suna rubuta Alƙur'ani da hannu ana saye. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a shekarar 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi haƙƙi ne da Shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. In kin ga dama ki yi wa masallacin unguwarku ko makarantar marayu rubutu kyauta, wannan sadaka ce, Allah Ya karɓa. Amma ke za ki zaɓi inda za ki kai sadakarki. Ƙungiyar da ta karɓo tallafi, ta biya kuɗin otal da na abinci da na mai ɗaukar hoto, ba ta da hujjar ta ce mai fassara ce kaɗai za ta yi fisabilillahi.

Fara da lissafi a ɗakinki

Wadda ba ta san nawa aikin ya ci mata ba, ba za ta iya ciniki ba, ko da bakinta ya kai reza kaifi. Don haka kafin ki yi magana da kowa, ɗauki takarda da biro.

Mu ɗauki ma'auni ɗaya da kowa ya sani. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000, daga 30,000 da aka yanke a 2019. In aka raba 70,000 a kan kwanakin aiki 22, kowace rana ta tashi kusan naira 3,200, kowace awa kuma kusan naira 400. Wannan shi ne ladan ma'aikacin da ya fi kowa ƙanƙanta a ofis. Yanzu alal misali an ba ki maƙala a kan naira 5,000. Kin hau adaidaita kin je kin yi hira da mutum biyu, kin kashe 1,500. Data da cajin waya sun ci 1,000. Saura 2,500. Tsakanin bincike da zirga-zirga da rubutu da gyara kin ɓata awa 16. Raba ki gani: kowace awa ba ta kai naira 160 ba. Wato ke da kika yi karatu, kika iya sarrafa harshe biyu, kin yi aiki a kan abin da bai kai rabin ladan masinja ba. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya cire wa mutum kunyar da ba ta da amfani.

To yaya za ki fitar da naki farashin? Ki fara da abin da kike so sana'ar ta kawo miki a wata. Mu ce 150,000. Ki ƙara abin da sana'ar ke ci: data, caji ko man janareta, kuɗin mota, da ɗan abin da za ki riƙa ajiyewa saboda ranar da waya ko kwamfuta za ta lalace. Mu ce 30,000. Ya zama 180,000. Sai ki ƙirga awannin da kike da su da gaske, ba na mafarki ba. Matar aure mai yara da wuya ta samu fiye da awa huɗu a rana, yawanci bayan an tafi makaranta ko bayan sallar isha'i. Awa huɗu sau kwana biyar sau mako huɗu, awa 80 ke nan. A cikinsu kusan 20 za su tafi a neman aiki, da amsa waya, da bin bashi, waɗanda babu mai biyan ki su. Saura 60. Raba 180,000 gida 60, awarki ta tashi naira 3,000. Maƙalar da za ta ci awa goma, 30,000 ce. Fassarar kalma 2,000 da za ta ci awa takwas, 24,000 ce, wato naira 12 kowace kalma.

Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, ki sa naki. Mai farawa ba za ta yi daidai da wadda ta shekara goma ba, kuma jaridar gida ba ta da aljihun ƙungiyar ƙasa da ƙasa. Abin da ake so shi ne ki fita da lamba biyu a ranki: wadda za ki faɗa, da wadda in an sauko ƙasa da ita za ki ce albarka. Ta biyun ke kaɗai kika san ta.

Kada a yanka farashi kafin a ga kaya

Sau da yawa saƙon da ke zuwa shi ne, "Hajiya, muna da ɗan ƙaramin aiki, nawa za ki yi mana?" Kalmar "ɗan ƙarami" ɗin nan ki yi hattara da ita. Amsar da ta dace ita ce, "To Malam, a turo mini in duba, zuwa gobe insha Allahu zan faɗi abin da zai ci." Tela ma ba ya yanka kuɗin ɗinki sai ya ga yadin ya ji irin ɗinkin da ake so.

In aikin ya zo, ki san yawan kalmominsa, da ranar da ake son sa, da inda za a yi amfani da shi. Takardar da za a raba wa mata ashirin a taro daban take da wadda za a buga dubbai a kuma karanta a rediyo. Aikin da aka ce ana so gobe da safe, wanda zai hana ki barci, yana da ƙarin kuɗinsa, kamar yadda ɗinkin daren salla yake da nasa. In fassara ce, ku daidaita tun farko a kan kalmomin da za a ƙirga, na Turancin ko na Hausar, domin Hausa takan fi yawan kalmomi in an fassara, kuma mafi sauƙi shi ne a ƙirga na asalin tun da kowa yana ganin su kafin a fara. Ki guji ciniki a kan shafi. Shafi ɗaya yana iya ɗaukar kalma 250, yana iya ɗaukar 600 in an ƙanƙanta rubutun. Sannan takardar likitanci ko ta shari'a, wadda za ki yi ta neman yadda za a faɗi kalma ɗaya da Hausa, ba kuɗinsu ɗaya da labarin taron biki ba.

Sai maganar gyara, wadda ita ce ke cinye ribar marubuta a ɓoye. Kin miƙa aiki, an dawo da shi a gyara, kin gyara, sai shugaba ya dawo daga tafiya ya ce a sauya fasalin duka. Ki faɗa tun farko cewa farashin ya ƙunshi gyara sau ɗaya ko sau biyu, abin da ya wuce haka sabon aiki ne. Haka nan ki tambaya ko kuɗin da aka ambata kafin a cire haraji ne ko bayan an cire, domin kamfanoni da ƙungiyoyi masu rajista sukan cire wani kaso tun daga tushe, kada sai alat ya shigo ki ga ya ragu ki yi zaton an cuce ki.

In an zauna ciniki

In za ki iya, ki bari su fara tayi. "Nawa kuka ware wa wannan aikin?" tambaya ce ta ladabi, kuma sau da yawa abin da suka ware ya fi abin da za ki faɗa. In sun ƙi, sai ki faɗi naki a fili, lamba guda, ba "kamar dubu ashirin zuwa talatin" ba, domin duk wanda aka ba zaɓi tsakanin ashirin da talatin, ashirin ya ji. Ki ɗora kaɗan a kan abin da kike so saboda a samu wurin ragi, amma ba ninki uku irin na 'yan gwanjo ba. Kina faɗa kuma ki yi shiru. Nan ne mata da yawa ke faɗuwa: sun faɗi farashi, kafin mutumin ya buɗe baki sun ƙara da "amma fa in ya yi yawa sai a rage." Kin yi wa kanki ciniki ke nan, shi bai ce komai ba.

Ga yadda maganar kan kasance. Ya ce, "Kai Hajiya, dubu talatin ai ta yi yawa, mu dubu goma sha biyar muke bayarwa." Kada ki ce masa kuɗin makarantar yara ya ƙaru ko maigida ba ya gari. Wannan roƙo ne, kuma mai roƙo abin da aka ga dama ake ba shi. Ki yi magana a kan aikin: "Gaskiya ne Malam, na san akwai masu yi a haka. Amma wannan sai na je asibiti na yi hira da ma'aikatan jinya, kuma in na kawo ba sai kun sake ba wani ya gyara Hausar ba. In dubu goma sha biyar ce a hannu, zan iya yin mai kalma ɗari bakwai ba tare da hirar ba." Kin ga abin da aka yi a nan? Ba a rage kuɗi haka kawai ba, an rage aiki daidai da kuɗin. Duk lokacin da kika sauko ba tare da an cire komai ba, kin nuna masa farashin farko wasa ne, kuma gobe daga ƙasa zai fara.

In kuɗin ya ƙi motsi, akwai wasu abubuwan da ake ciniki a kansu: a biya kuɗin mota da data daban, a ƙara miki kwanaki, a biya nan take maimakon bayan wata, a sa sunanki a jikin aikin, ko a yi miki alkawarin aiki huɗu a jere a rubuce. Amma "za mu tallata ki, sunanki zai fita" ba lada ba ne in shi kaɗai ne. Mai farawa tana iya karɓar irin wannan sau ɗaya ko biyu don ta samu abin nunawa, da saninta kuma da niyyarta. Wadda ta shekara biyar ana tallata ta, ya kamata ta tambayi kanta yaushe za a fara saye.

Wani abu da littattafan koyar da ciniki na zamani kan yi wa sassauci amma mu ba mu da wannan damar, shi ne ƙarya. Kada ki ce "wata ƙungiya ta taya dubu hamsin" alhali babu wanda ya taya. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim a kan narkon da ke jiran mai rantsuwar ƙarya cewa an taya kayansa abin da ba a taya ba. In da gaske akwai wani tayin, faɗi. In babu, lissafinki ya ishe ki hujja. Haka nan kada ki kumbura rubutu da surutu don kalmomi su yi yawa, wannan tauye mudu ne ta wata fuska. Ni a ganina ma ciniki a rubuce, ta saƙon waya ko imel, ya fi wa mace sauƙi: ba a yi miki kwarjini, kina da lokacin tunani, babu doguwar hira da namijin da ba muharraminki ba, ga shi kuma maganar ta zauna a ajiye.

Tsohon abokin hulɗa

Neman ƙari a wurin wanda kuka saba ya fi wuya, saboda an zama kamar 'yan'uwa, wataƙila ma shi ya fara ba ki dama. To amma duba abin da ya faru da kuɗin. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Dalar da gwamnati ke canzarwa a kan naira 460 da wani abu kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma. Wadda ake biya 10,000 tun 2022 har yau ba a ƙara ba, a gaskiya rage mata aka yi, ba tare da an gaya mata ba.

Kada ki tayar da maganar a tsakiyar aiki, wannan kamar garkuwa da aikin mutane ne, kuma abin da aka riga aka ƙulla sai a cika shi. Ki bari sai kin miƙa aikin da aka yaba, sannan ki rubuta: "Ranka ya daɗe, na gode da hulɗar da muke yi shekara uku ke nan. Ina sanar da ku cewa daga farkon wata mai zuwa maƙala za ta koma naira kaza. Ayyukan da ke hannuna yanzu zan kammala su a tsohon farashi." Sanarwa ce cikin ladabi, ba neman izini ba. Yana iya amincewa, yana iya tayawa, yana kuma iya tafiya. Saboda wannan na ukun ne ba a so marubuciya ta rataya ga mutum ɗaya. Mai abokan hulɗa uku tana iya cewa albarka, mai guda ɗaya kuwa sai abin da aka yi da ita.

Me kika sayar, aikin ko gonar?

A nan ne asara mafi girma take, musamman ga marubutan littafi. Tun zamanin da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa a shekarun 1980 da 1990, an sha samun marubuciyar da za ta miƙa labarinta a ba ta kuɗi sau ɗaya, a yi ta buga shi ana sayarwa ita kuwa ta gama cin nata. Labari ba kamar atamfa ba ne da in an sayar an rabu. Gona ce, tana ba da amfani shekara da shekaru. Dubi littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990. An mayar da shi fim a 1998, sannan a 2012 wani kamfanin ɗab'i na ƙasar Indiya ya buga fassararsa ta Turanci da Aliyu Kamal ya yi. Labari ɗaya, ƙofa uku, a tsawon shekara 22. Yau kuma ƙofofin sun ƙaru: ana karanta littattafai a rediyo da YouTube, ana sayar da su a manhajoji da zaurukan WhatsApp, ana mayar da su fim mai dogon zango.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, tana tare da ke a nan. Haƙƙin rubutu na wanda ya rubuta ne tun daga lokacin da ya rubuta, ko bai yi rajista ba, kodayake yin rajistar a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka yana taimakawa wajen kafa hujja. Haƙƙin yana nan tsawon rayuwar marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa, wato dukiya ce da 'ya'ya da jikoki za su gada. Kuma sallama haƙƙin gaba ɗaya, ko ba wani izinin da ya keɓanta da shi shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce. Sai dai a lura, aikin da gwamnati ko hukumominta suka ba da kwangilarsa, a ƙa'ida haƙƙinsa nasu ne sai in an yi yarjejeniyar akasin haka, kuma yawancin ƙungiyoyi sukan sa irin wannan sharaɗin a takardar kwangilarsu. Don haka ki karanta kafin ki sa hannu, in Turancin lauyoyi ya yi miki nauyi ki kai wa wanda ya sani.

In mai shirya fim ya zo, fim kaɗai za ki sayar masa, a rubuta haka, a kuma rubuta na shekara nawa ne, da abin da zai faru in bai yi fim ɗin ba. In manhaja ce, ki san kason da za ta ɗauka da lokacin biya, kuma ki guji ba ta labarinki ita kaɗai har abada. OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da yawa suka sa littattafansu a kanta, ta rufe a ƙarshen 2023 bayan shekara goma tana aiki. In kuwa mai saye ya dage sai duka yake so, to farashin gona daban yake da na amfanin shekara ɗaya.

Tsakaninmu mata

Wani abin da ke karya farashi mu ne da kanmu. An ba wata aiki a kan dubu ashirin, ana cikin magana sai wata ta bi ta bayan fage ta ce za ta yi a kan takwas. Annabi (SAW) ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa. Kuma wadda ta karya yau, gobe ita ma a takwas ɗin za a tsayar da ita. Ɓoye wa juna farashi kuwa mai ba da aiki kaɗai yake amfana. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohi, ga kuma ƙungiyoyin marubuta mata da zaurukansu. Ku riƙa tambayar juna nawa ake biya, wa ke biya a kan lokaci, wa ke da taurin bashi. Faɗar gaskiya ga 'yar'uwar da ta nemi shawara a kan wanda za ta yi hulɗa da shi nasiha ce, malamai ba su sa ta cikin giba ba.

Kafin alƙalami da bin bashi

Kalmar "kafin alƙalami" ai daga sana'armu aka samo ta, amma mu ne muka fi kowa mantawa da ita. Ga sabon abokin hulɗa, ki nemi rabi kafin ki fara, rabi in kin miƙa. In aikin dogo ne, kamar wasan rediyo mai kashi 26, a raba biyan kashi-kashi, kada ki miƙa na gaba sai an biya na baya. Wanda ya ƙi ba da ko sisi kafin aiki, ya kuma ƙi a rubuta komai, ya riga ya gaya miki halinsa.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta yi gargaɗin kada a ƙosa da rubuta shi komai ƙanƙantarsa. Ladan da za a biya bayan an gama aiki bashi ne. Ba sai an je wurin lauya ba. Bayan kun gama magana a waya, ki tura saƙo: "Kamar yadda muka yi magana, zan fassara kalma 2,000 a kan naira 24,000, zan miƙa ranar Alhamis, gyara sau ɗaya, za a biya cikon cikin kwana bakwai. A tabbatar mini." In ya amsa da "Na amince," ki adana. Dokar shaida ta 2011 ta ba kotuna damar karɓar saƙonnin waya da na kwamfuta a matsayin hujja in an cika sharuɗɗanta.

In ranar biya ta wuce, ki tuna masa washegari, cikin ladabi, ba tare da ba da haƙuri ba, domin ba ke kika yi laifi ba. In mako ya wuce, ki sake rubutawa ki haɗa da saƙon yarjejeniyar, ki kuma nemi lambar mai kula da kuɗi, don sau da yawa takardar tana kan teburin wani ne ba wanda ya tura ta. Kada ki karɓi sabon aiki a kan tsohon bashi, ko da an ce za a haɗa a biya gaba ɗaya. In abin ya ƙi, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa, ko shugabannin ƙungiyarku ta marubuta, su yi masa magana, su tuna masa cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne kamar yadda ya zo a hadisi. In duk wannan bai yi ba, jihohi irin su Legas da Kano sun buɗe kotunan ƙananan basussuka, inda mutum ke iya shigar da ƙara da kansa ba tare da lauya ba. Ki tafi da saƙonninku a buge a takarda, da kwafin aikin da kika miƙa, da shaidar ranar da kika miƙa shi.